Barkono Da Amanar Da Ke Wuyan Mai Kare

A unguwar Yelwa, cikin birnin Garwa da ke bakin kogin Binuwai a arewacin Kamaru, akwai gidan wani malamin makarantar firamare da matarsa da 'ya'yansu huɗu. A gidan akwai wani ɗan ƙaramin kare fari mai ɗigon ja a fuska. Tsayinsa bai wuce gwiwar yaro ba, nauyinsa kuma bai kai kilo 8 ba. Yara suka sa masa suna Barkono saboda ƙanƙantarsa da zafin ransa. Wani Bature ne da ya gama aikinsa a garin zai koma gida ya ba malamin shi, yana kwikwiyo ɗan wata biyu.

Ranar da aka kawo shi, wan malamin yana gidan, ya zo daga ƙauyensu na wajen Pitoa sayar da gyaɗa. Ya dubi kwikwiyon, ya dubi ƙanensa, ya ce, "Bakuna shida kake ciyarwa da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, yanzu kuma ka ƙaro na bakwai mai wutsiya?" Malamin ya ce, "Yaya, ai sauran tuwo zai ci." Wan ya ce, "Yau sauran tuwo, gobe allura, jibi magani. Ga 'ya'yan ƙanwarmu can a ƙauye ba su da kuɗin littafi."

Wan malamin mutum ne mai hankali, kuma mutane da yawa haka suke gani. A wannan yanki ana ajiye kare don gadi, ko farauta, ko bin garke, amma ba kasafai ake ɗaukarsa ɗan gida ba. Sunansa ma zagi ne. Saboda haka maganar da ya yi ta cancanci a zauna a auna ta. Shin akwai wani haƙƙi na kare a wuyan mutum? In kuwa akwai, ya halatta a biya shi a inda mutane da kansu suke cikin rashi? Rayuwar Barkono a gidan nan za ta taimaki mai karatu ya ga amsar.

Halin Da Ya Zo Da Shi

Barkono ba irin karnukan nan ba ne da aka saba gani a ƙauyuka, dogaye masu siraran ƙafafu. Turawa suna kiran irinsa teriya. Sunan ya fito daga kalmar da ke nufin ƙasa, wadda masu jin Faransanci suka sani da terre, domin karnuka ne da aka yi kiwonsu a Ingila don su shiga rami su fito da dabbar da ta ɓuya a ciki, su kuma kashe ɓeraye a gonaki da rumbuna.

Irin da Barkono ya fito yana ɗauke da sunan wani limamin ikkilisiyar Ingila, John Russell, wanda aka haifa a 1795 ya rasu a 1883. Mutumin yana da son farauta ƙwarai. A 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata 'yar farar karya daga hannun wani mai sayar da madara, daga ita kuma ya soma zaɓen irin karen da yake so. Yana son kare ƙarami da zai iya kutsawa ramin wata dabba mai kama da yanyawa, fari don kada maharba su ruɗe tsakaninsa da abin farautar, mai ƙarfin zuciya, mai yawan haushi, wanda zai takura wa dabbar a cikin rami har ta fito da gudu. Yau fiye da shekara 200 ke nan, irin nan ana kiransa Jack Russell, kuma halin da aka zaɓa masa yana nan a jininsa.

Barkono bai taɓa ganin Ingila ba, amma duk abin da aka faɗa a sama yana yinsa a Yelwa. Kafin ya cika wata shida ya tone gindin darbejiyar tsakar gida har saiwa ta fito. In ya ji motsin gafiya a bayan buhunan dawa, ba ya ci ba ya sha sai ya fito da ita. A shekararsa ta farko uwargida ta daina sayen maganin ɓera. Ƙadangaru kuwa sun koyi zama a can saman katanga.

Yana da wasu halaye kuma da suka zama nasa shi kaɗai. Ya san ƙarar babur ɗin maigida a cikin dukan baburan da ke wucewa a layin, tun babur ɗin bai shigo kwana ba yake tsaye a ƙofa. Ya san lokacin tashin makaranta, yakan je ya kwanta a zaure yana jiran yara. Yana ƙin tsintsiya, ya ɗauke ta abokiyar gaba. Yana da kishi: in uwargida ta ɗauki jaririn baƙuwa, sai ya zo ya cusa kansa tsakanin ƙafafunta. Ranar Lahadi kuwa, da ya ga an sa tufafin majami'a, ya san za a kulle shi a bar shi, sai ya juya wa kowa baya, ko an kira shi ba ya dubawa.

Wa Ke Da Laifi?

Wata rana kazar maƙwabta ta shigo da 'yan tsakinta ta wata kafa da ke gindin katanga. Kafin a ankara Barkono ya kashe biyar. Malamin ya ji kunya ƙwarai, ya ɗauki tsumagiya ya dake shi har karen ya shige ƙarƙashin gado yana makyarkyata. Bayan mako biyu kazar ta sake shigowa, aka sake yin asarar biyu.

Da dare uwargida ta ce wa mijinta, "Maigida, dukan nan bai gyara kome ba. Karen da muke yabo in ya kashe gafiya, shi muke duka in ya kashe tsako. Ta yaya zai bambanta? Kafar katangar nan tun bara nake faɗa maka a toshe ta."

Matar ta taɓo gindin maganar. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kare ba ya zama ya yi shawara da zuciyarsa ya ce wannan halal ne, wancan na maƙwabci ne. Abu ƙarami ya motsa, jikinsa ya riga tunaninsa. Ana iya koya masa abubuwa da yawa, gama yana da kaifin gane abin da ke faranta wa ubangidansa rai, amma ba shi da zaɓin da mutum yake da shi tsakanin nagarta da mugunta. Mutum ne ya ga kafar katanga, ya san halin karensa, ya san maƙwabta suna da kaji, ya ce gobe zai gyara. Laifi yana bin wanda ya sani kuma yake da ikon hanawa.

Littafin Farawa ya nuna an ba mutum mulki bisa dabbobi, mutane da yawa kuwa sun tsaya a kan kalmar mulki kaɗai. Amma kowane mai unguwa ya san cewa wanda aka ba mulki shi ake tambaya in abu ya ɓaci. Barkono bai roƙi a kawo shi Yelwa ba. Ba zai iya buɗe ƙofa ya nemi wani gida ba, ba zai iya ɗebo wa kansa ruwa a randa ba. Ranar da malamin ya miƙa hannu ya karɓe shi, ya karɓi cinsa da shansa da ciwonsa, ya kuma karɓi duk ɓarnar da zai yi wa wani. Wannan shi ake kira amana.

Malamin ya biya kuɗin tsaki bakwai, ya toshe kafar da siminti. Ya kuma gane cewa karen da aka yi don aiki, in aka bar shi ba aiki, shi zai nemar wa kansa, kuma ba lalle wanda mutane ke so ba. Aka sa babban ɗan gidan ya riƙa fita da shi da igiya da sassafe, su zaga har ya gaji. Aka ware masa wani lungu mai yashi inda zai yi tono son ransa. In aka kira shi ya zo, sai a ba shi ɗan guntun ƙanzo a shafa kansa. Cikin wata biyu ya koyi abin da tsumagiya ta kasa koya masa.

Lafiyar Kare A Ƙasar Zafi

Wani masani na ƙasar Faransa, René Descartes, wanda ya rasu a 1650, ya ɗauki dabba kamar inji ce mai motsi ba tare da tunani ba, wasu mabiyansa har suka ce kukan kare kamar ƙarar ƙarfe ne. Duk yaron da ya taɓa cire wa kare ƙaya a ƙafa ya san ba haka ba ne. Kare yana jin zafi da ƙishirwa da tsoro. Abin da ya rasa shi ne bakin faɗa, saboda haka sai mai shi ya zama mai lura.

A Garwa zafin watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa. Wanda ya ɗaure kare a rana da bazara, ba inuwa ba ruwa, yana iya komowa ya tarar da gawa. Shi ya sa kaskon ruwan Barkono yake gindin darbejiya, kuma aikin ƙaramar 'yar gidan ne ta cika shi safe da yamma.

Da damina kaska ce babbar matsala. Takan maƙale a cikin kunne da tsakanin yatsu, ta sha jini, ta kuma sa wa kare zazzaɓin da ke fasa jini. A shekararsa ta uku Barkono ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, ya kwanta ko gafiya ba ta tashe shi ba. Likitan dabbobi ya yi masa allura, ya warke bayan mako guda. A nan akwai gargaɗi ga mazauna ƙasar auduga. Wasu kan ɗebi maganin feshin auduga su wanke kare da shi don kashe kaska, wasu kuma su shafa masa baƙin man mota don ƙazuwa. Dukansu guba ne, suna shiga ta fata da kuma lasa, suna kashe kare, suna kuma cutar yaran da ke wasa da shi. Maganin kaskar kare a wurin likitan dabbobi ake nemansa.

Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa inda kare ke kwanciya, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. In an toshe bakin ƙurjin da man basilin tsutsar takan leƙo a matse ta, amma share makwancinsa da shanya tsummansa a rana sun fi. Tsutsar ciki ma tana bukatar magani lokaci lokaci. Ga abinci kuwa, sauran tuwo da ɗan kifi ko nama sun ishe shi, sai dai a kiyaye shi daga dafaffen ƙashin kaza, gama yana tsagewa ya huda hanji, da kuma yawan albasa, domin tana ɓata jinin kare.

Dukan waɗannan ba su da tsada sosai. Abin da suka fi ci shi ne lura. Amma akwai abu guda da malamin yake biya kowace shekara ba fashi, wanda wansa ya fi yi masa dariya a kai, wato allurar rigakafin haukan kare. An fara yi wa Barkono ita yana wata uku, aka ba da kati mai hatimi, malamin ya ajiye shi tare da takardun haihuwar 'ya'yansa.

Ranar Da Ya Ciji Yaro

Barkono yana shekara biyar, wani yaro ɗan shekara bakwai, ɗan wani Alhaji ɗan kasuwa da ke maƙwabtaka da su, ya shigo wasa. Ya tarar da karen yana gwaigwayar ƙashi, ya kai hannu zai ɗauke. Barkono ya cije shi a bayan hannu, jini ya fito.

Uwargida ba ta tsaya kuka ba. Ta ja yaron bakin famfo, ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, yana ihu tana ba shi haƙuri. Kafin ta gama samari sun taru a ƙofar gida da sanduna, suna cewa a fito da karen a kashe.

Tsoron samarin nan yana da dalili. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga rauni sai ta bi jijiyoyi a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alama ta fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita da zubar yawu, kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne masu wasa da karnuka, su ne kuma masu ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Amma ciwon yana da rigakafi ko bayan cizo, muddin an yi sauri. Louis Pasteur na Faransa ne ya fara gwada shi a watan Yuli na 1885 a kan wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, yaron kuwa ya rayu. Cibiyar da ke ɗauke da sunan Pasteur a Kamaru tana da reshe a Garwa. A Bokle kuma, kusa da birnin, akwai ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, wanda aka kafa a 1983, inda ake yin alluran rigakafin dabbobi, ake kuma gwada cututtukansu. Ƙona gashin kare a shafa a rauni, kamar yadda wasu ke yi, ba ya kashe ƙwayar cutar, ɓata lokaci ne kawai.

Malamin ya dawo ya tarar da taron. Ya kulle karen a ɗaki, ya ɗauki katin, ya tafi da ƙafarsa wurin uban yaron. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, na zo da laifi. Karena ya ciji ɗanka a gidana. Ga katin allurarsa, wata huɗu ke nan da aka yi masa ta bana. Duk da haka mu tafi asibiti yanzu, kuɗin kuma a wuyana yake." Alhaji ya juya katin, ya dubi hatimai biyar a jere, ya ce, "Malam, tashi. Tsautsayi ne. Mu je."

A asibiti aka sake wanke raunin, aka fara wa yaron allura don kada a yi sakaci, aka kuma ce a tsare karen a lura da shi kwana 10. Dalili shi ne, karen da ke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ko ya mutu ba. Da samarin sun kashe shi sun jefar, da sun kashe shaidar da za ta kwantar wa kowa rai. Alhaji da kansa ya fito ya sallame su. Kwana 10 suka cika, Barkono yana ci yana sha yana faɗa da tsintsiya. Daga ranar aka kafa doka a gidan: in yana cin abinci, a lungunsa zai ci, kuma ba yaron da zai je kusa.

Amsa Ga Wan Malam

Yanzu a komo ga maganar farko. Wan malamin ya ce kuɗin da aka kashe wa kare an hana wa mutum ne. Labarin cizon nan ya nuna cewa lissafin bai cika ba. Allurar da aka yi wa Barkono shekara biyar a jere, ɗan Alhaji aka yi wa ita, da 'ya'yan malamin, da kowane yaro da ke bin layin. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Njamena ta ƙasar Chadi a 2012 da 2013, ciwon kuwa ya ja baya ƙwarai a birnin. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya kafin 2030, kuma ana tunawa da batun kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu. Yi wa kare allura ya fi yi wa mutum bayan cizo araha nesa ba kusa ba. Wanda ya ajiye kare ya ƙi yi masa ita, ya tara kuɗinsa ne da ran 'ya'yan maƙwabta.

Abu na biyu, tausayi ba kamar hatsi a mudu ba ne, da za a ce in an ɗiba wa kare na mutum ya ragu. Sau da yawa mai tausayin ɗaya shi ne mai tausayin ɗayan. William Wilberforce, wanda ya yi shekaru yana fama a majalisar Ingila har aka haramta cinikin bayi a 1807, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan a 1824. Yaron da aka bari yana jifan kare don nishaɗi yana koyon cewa kukan marar ƙarfi abin dariya ne, kuma ba a kan kare kaɗai zai yi amfani da wannan darasi ba. Ƙaramar 'yar malamin da ke cika kasko safe da yamma tana koyon cewa akwai mai rai da ya dogara da ita.

Duk da haka wan malamin yana da gaskiya a wani gefe, kuma bai kamata a danne ta ba. Kare ba mutum ba ne. In aka kori yaro daga makaranta don kuɗi alhali kare yana cin naman gwangwani, an juya tsari. In mutum yana yi wa karensa murmushi yana yi wa mai aikinsa tsawa, abin da yake da shi ba tausayi ba ne. Haka kuma wanda ya bar karensa yana shiga gidan maƙwabcin da ba ya son kare kusa da tabarmar sallarsa ko kwanon abincinsa, ya ci haƙƙin maƙwabtaka. Abin da ke wuyan mai kare yana da iyaka: abinci, ruwa, inuwa, rigakafi, magani gwargwadon hali, da tsare shi daga cutar da wani. Wanda ya auna ya ga ba zai iya wannan ba, ya ce a'a tun farko, ya yi abin kirki. Abin da ba shi da kyau shi ne a karɓa don sha'awar kwikwiyo, in ya girma a sake shi ya bi juji, ko karya ta haihu a kwashe 'ya'yan a zubar a bakin kasuwa. Karnukan da ke yawo ba mai su, waɗanda kowa ke tsoro da dare, yawancinsu daga gidan wani suka fito.

Malamin bai fasa taimakon 'ya'yan ƙanwarsu ba. Kuɗin maganin ɓera da aka daina saye, da dawar da gafiya ta daina ci, sun kusa biyan kuɗin allurar shekara.

Tsufa

Irin wannan kare yakan yi shekara 13 zuwa 16 in ya sami kulawa. Barkono ya shiga ta goma sha uku. Idanunsa sun yi hazo, kunnensa ya yi nauyi har babur ɗin maigida yakan shigo zaure bai ji ba. Haƙoransa da dama sun zube. Gafiya ta komo sito, an koma sayen tarko.

A nan ne ake gane ko amana aka riƙe ko ciniki aka yi. Muddin kare yana kashe ɓera yana gadi, ciyar da shi biyan lada ne, kowa ma zai iya. In ya daina amfani, wasu kan ɗauke shi a babur su kai shi bayan gari su sake, su ce ai dabba ce. Amma dabbar da ta yi shekara 13 ba ta san wani gida ba, ba ta iya farautar daji ba, ga makanta, an yanke mata mutuwar yunwa ne a inda mai ita ba zai gani ba. In ciwo ya kai inda ba magani, kare yana shan azaba dare da rana, likitan dabbobi yana da allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarsa ba tare da zafi ba, kuma mai shi ya tsaya a wurin. Kafin a kai nan, tsohon kare ba ya bukatar abu mai yawa.

Wan malamin ya sake zuwa da kaka, shi ma yanzu da sanda yake tafiya. Ya tarar da ƙaramar 'yar, wadda ta zama budurwa, tana jiƙa ƙanzo da romon kifi don ya yi laushi. Ya ce, "Har yanzu wannan mai wutsiya yana cin tuwonku?" Ta ce, "Baba, ai ya riga ya biya." Ya yi dariya, bai ce ya yarda ba. Amma kafin ya koma ya tambayi ƙanensa inda ake yin allurar, domin jikokinsa sun samo kwikwiyo a ƙauye, kuma ya cika wata uku.